DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Ranar 30 ga watan Afrilu na 1975 sojojin Biyetnam ta Arewa suka shiga birnin Saigon, bayan jirage masu saukar ungulu sun kwana suna kwashe ragowar Amurkawa daga ofishin jakadancinsu. Shekara arba'in da shida bayan haka, ranar 15 ga watan Agusta na 2021, 'yan Taliban suka shiga Kabul babu wanda ya tare musu hanya, duniya kuma ta sake ganin Amurka tana tattara nata-ya-nata cikin gaggawa. Tun daga lokacin tambaya guda take ta yawo a bakin ɗalibai, a ɗakunan kwana da zaurukan muhawara: ta ƙaƙa ƙasar da ta fi kowace ƙasa dukiya da makamai ta shafe shekaru tana yaƙar 'yan sari-ka-noƙe, mutanen da ba su kai ta komai ba, daga ƙarshe ta koma gida hannu rabbana?

Mu a ganinmu, ba sai mun ƙetare teku za mu sami amsar ba. Amsar tana nan a ƙofar gidanmu, a cikin fadamar da ta ratsa daga Argungu ta wuce Birnin Kebbi da Kalgo ta nufi Kwara. A nan ne daular Gwandu, da taimakon Sakkwato, ta yi shekara hamsin da huɗu tana fama da Kabawa, daga 1849 zuwa 1903, ba ta kuwa ci su ba. Kada mai karatu ya ɗauka muna daidaita manufar masu jihadi da ta 'yan mulkin mallaka; Allah Ya kiyaye. Mu jikokin ɓangarorin nan biyu ne, yau ajinmu ɗaya, akushinmu ɗaya. Abin da muke nema shi ne darasin da ke cikin al'amarin, domin sunnar yaƙi ba ta duba tutar da mutum ya riƙe.

Bari mu fara da ƙarfin Gwandu. A watan Afrilu na 1805 rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, fadar jikokin Kanta, wanda tun a ƙarni na 16 ya fitar da Kabi daga hannun Askiya na Songai. A 1812 Shehu Usmanu ya raba aikin tafiyar da daula: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Ta haka Gwandu ta zama uwar ƙasashen yamma da kudu. Nupe da Ilorin suna kawo mata gaisuwa, haka Say da Liptako a can hayin Kwara. Tana da barade da 'yan lifidi, tana da malamai da alƙalai, tana da martabar addini wadda babu mai ja da ita, sa'an nan ga Sarkin Musulmi a bayanta. Kabawa kuwa, bayan faɗuwar birninsu, sai suka koma ƙananan garuruwan fadama, irin su Argungu da Augie. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka haɗu suka ci Argungu, aka bi Sarkin Kabi Karari aka kashe, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. Duk wanda ya duba al'amura a wannan shekara cewa zai yi an rufe littafin Kabi ke nan.

Aka yi shekara goma sha takwas shiru. Yakubu ya zauna a fadar Sakkwato har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince da shi ya bar shi ya koma ƙasarsu. A 1849 ya shiga Argungu ya naɗa kansa Sarkin Kabi, kafin a ce kwabo Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun mara masa baya. Shekara huɗu bayan haka, a 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Gwandu a zamanin Sarki Halilu, ya kuma tarar hanyar zuwa Say ta zama abin tsoro ga matafiya, alhali kuwa tsakanin Gwandu da Argungu bai wuce tafiyar yini guda a kan doki ba. An kashe Yakubu a 1854, ba a ga ƙarshen tawaye ba. An kashe magajinsa Yusufu Mainasara a 1859, nan ma ba a gani ba. A 1860 Kabawa suka rama, suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a fagen daga. Da abin ya ishi kowa, a 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, inda daula ta yarda Kabi ta zauna da gindinta.

Sulhun bai wuce shekara takwas ba. A 1875 rigima a kan garin Fanna ta sake hura wutar, daga 1883 kuma Kabawa suka sami Sarki Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, gwanin harin ba-zata, wanda masu ba da labari suka ce ya ci garuruwa casa'in. Sarakunan Gwandu suka koma zama a sansanin Ambursa don su tsare ƙasarsu. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya tara babbar runduna ya nufi Argungu da niyyar gamawa da ita gaba ɗaya, sai ga shi an watsa rundunar, ta koma gida da asara mai yawa. Haka aka yi ta fafatawa har Turawan Ingila suka zo, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Gaskiya ne Kabawa suna da ganuwa da dawaki, ba duk yaƙinsu ne na sunƙuru ba. Amma ginshiƙin dabararsu shi ne kwanton ɓauna, da hari da asuba, da noƙewa cikin fadama kafin gudummawa ta iso. To, me ya hana mai ƙarfi cin nasara?

Dalili na farko shi ne ƙasa. Duk wanda ya bi hanyar Kalgo a tsakiyar damina ya san yadda Gulbin Kabi yake batsewa, fadama ta zama ruwa da taɓo da ciyawa iyakar ganin ido. Ƙarfin daula yana kan doki, doki kuwa ba ya sukuwa a cikin laka. Bakabe masunci ne kuma manomin shinkafa. Ya san kowane mashigi, ya san inda kwalekwale zai wuce da inda zai kafe. Bugu da ƙari, mayaƙan daula manoma ne, ba a tara su sai bayan kaka, dole kuma a sallame su kafin shuka. Saboda haka yaƙin shekara ba ya wuce 'yan watannin rani, damina kuwa ta mai gida ce, ya gyara ganuwa, ya cika rumbu. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Haka Amurka ta tarar a Biyetnam. A 1969 sojojinta a can sun haura 540,000, bama-baman da ta zuba a yankin kuma sun fi nauyin dukkan waɗanda aka jefa a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta fesa guba don ta kakkaɓe ganyen kurmi. Duk da haka makamai da abinci suka ci gaba da kwarara ta hanyar Ho Chi Minh wadda ta ratsa Lawos da Kambodiya, 'yan sari-ka-noƙe kuma suna kwana a ramukan ƙarƙashin ƙasa a Cu Chi, dab da Saigon. Makamin da aka ƙera don fili ba ya aiki a kurmi, kamar yadda lifidi ba ya amfani a taɓo.

Dalili na biyu shi ne bambancin abin da kowa yake yaƙi dominsa. Ga Gwandu, Argungu ƙaya ce a ƙafa: tana da ciwo, amma ana iya ɗingisawa da ita. Ga Kabawa kuwa, in Argungu ta faɗi, sarauta da gona da 'yanci duk sun tafi. Wanda yake kare gidansa ba shi da inda zai koma, don haka haƙurinsa ba ya ƙarewa. Wanda ya zo daga nesa kullum yana lissafin ranar komawa. Mai ƙarfi sai ya murƙushe abokin gaba ƙurmus kafin a ce ya ci. Marar ƙarfi kuwa in ya wayi gari da rai, ya ƙara wa maƙiyinsa gajiyar kwana guda. Baƙo raɓa ne, rana na yi sai ya bushe. A watan Janairu na 1968, lokacin harin Tet, 'yan gwagwarmayar Biyetnam sun yi asarar mayaƙa masu ɗimbin yawa, a fagen daga ma su aka ci. Amma harin ya nuna wa talakawan Amurka cewa ƙarshen yaƙin ba ya kusa kamar yadda ake gaya musu. Kafin ƙarshen watan Maris Shugaba Johnson ya ce ba zai sake neman zaɓe ba. Ɗalibai irinmu suka cika tituna da zanga-zanga, har aka harbe huɗu a Jami'ar Kent a watan Mayu na 1970. Da gawawwakin sojoji suka doshi 58,000, sai aka sa hannu a yarjejeniyar Faris a watan Janairu na 1973. Fotugal ma haka: yaƙin da ta yi da mutanen Amilcar Cabral a Gini-Bisau, da na Angola da Mozambik, shi ya gajiyar da hafsoshinta har suka kifar da gwamnatinsu a Lisbon ranar 25 ga Afrilu na 1974.

Dalili na uku, girman daula shi kansa kaya ne. Sakkwato ba ta iya juyo da dukkan ƙarfinta kan Argungu ba, don Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suna jiran ta juya baya su kawo hari daga arewa. Gwandu kuma idonta ɗaya yana kan rigingimun sarautar Nupe, ɗaya yana kan ƙasashen hayin Kwara. Mai riƙe da ƙofa goma dole ya raba masu gadi. Mai neman shiga kuwa ƙofa ɗaya kawai yake bukata. Sa'an nan Kabawa ba su kaɗai ba ne. In an matsa musu, ƙasar Arewa da ta Zabarma a buɗe take, su sami mafaka da mayaƙa. Wannan ma sunna ce da ba ta sauya ba. Biyetnam ta Arewa tana samun makamai daga Tarayyar Sobiyet da Sin. Mujahidan Afganistan da suka yaƙi Sobiyet daga 1979 zuwa 1989 suna da Fakistan a bayansu, da kuɗin Amurka da na Saudiyya. Da Amurka ta shiga ƙasar da kanta a 2001, sai ta tarar iyakar nan da ta yi amfani da ita jiya ita ce mafakar maƙiyanta yau. Muddin ɗan sari-ka-noƙe yana da inda zai ja da baya ya huta, ana iya korarsa sau ɗari ya dawo.

Dalili na huɗu shi ne uwar dalilai, watau zuciyar talaka. Mu tambayi kanmu: me ya sa bayan shekara goma sha takwas na zaman shiru, mutum guda ya ɗaga murya ƙasa duka ta amsa? Ashe an ci ganuwa a 1831, ba a ci zukata ba. Mutanen da suka ga an rushe sarautar kakanninsu, kuma ba su ga kansu a cikin sabuwar ba, sun yi biyayya ne irin ta wanda ba shi da yadda zai yi. Malam Abdullahi da kansa ya hango wannan haɗari tun da wuri. Wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas saboda takaicin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu mabiya, ya tsaya a Kano, inda ya rubuta Diya'ul Hukkam don ya nuna wa masu mulki hanyar adalci. Ya san takobi yana buɗe gari, amma ba ya zaunar da shi. Ɗan sari-ka-noƙe ba ya noma, ba ya saƙa. Wani ne yake ba shi tuwo, wani ne yake gaya masa inda runduna ta kwana, wani ne kuma yake yin shiru in an tambaye shi. Ranar da mutanen ƙauye suka daina yi masa waɗannan abubuwa uku, ya mutu ko ba a harbe shi ba. Amurka ta kasa gane haka. A 1962 ita da gwamnatin Ngo Dinh Diem suka shiga kwashe manoma daga gonakin iyayensu suna tara su a ƙauyuka masu shinge, wai don a raba su da 'yan tawaye. Manoman suka ƙara tsanar gwamnati. A watan Maris na 1968 sojojinta suka karkashe ɗaruruwan mata da yara da tsofaffi a ƙauyen My Lai. Kowace bukka da aka ƙona ta haifar wa abokan gaba sabon mayaƙi. A Kabul kuma ta kafa gwamnatin da cin hanci ya cinye, har ana biyan albashin sojojin da babu su sai a takarda. Da Amurka ta janye hannu, ginin ya zube cikin 'yan makonni.

Dalili na biyar shi ne raini, da ɗan'uwansa yaudarar kai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bayan darasin 1860 da na 1867, babu abin da ya sauya a fadama da zai sa a zaci yaƙin 1892 zai bambanta, amma aka sake tara runduna aka bi hanyar da aka bi a da. Faransawa sun kafa sansani a kwarin Dien Bien Phu da imanin cewa mutanen Janar Giap ba za su iya hawar da manyan bindigogi kan duwatsu ba. Suka hawar da su da ƙarfin damtse, sansanin ya faɗi ranar 7 ga Mayu na 1954. Ba a yi wata shida ba Faransa ta sake faɗawa irin wannan rami a Aljeriya, ta yi kusan shekara takwas kafin ta fita a 1962. Amurkawa kuwa sun mai da ƙidayar gawa ma'aunin nasara, don haka kowane hafsa yana aika adadin da zai faranta ran na gaba da shi, har ƙarya ta isa fadar shugaba sanye da rigar rahoto. Mai mulkin da ba ya son jin labari marar daɗi, na ƙasa da shi za su daina kawo masa, ranar da gaskiya za ta iso kuwa ta zo da ganga.

Amma fa kada a ɗauka duk wanda ya tayar wa mai ƙarfi zai yi nasara. Satiru tana nan kusa da Sakkwato ta ishe mu shaida. A watan Fabrairu na 1906 talakawan garin, da gatura da fartanya, suka fatattaki rundunar Turawa suka kashe uku daga cikinsu. Kafin wata guda ya cika aka dawo aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kuma tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru bisa zargin yana tare da su. Mutanen Satiru ba su rasa jarunta ba. Abin da suka rasa shi ne fadamar da za su noƙe, da maƙwabtan da za su ba su mafaka, sa'an nan suka tsaya a fili suka fuskanci bindiga mai ruwan harsashi. Haka kuma kada a ɗauka nasarar marar ƙarfi araha ce. Mutanen Biyetnam da suka mutu miliyoyi ne. A ƙasarmu kuwa, rabin ƙarni aka yi ana ƙona garuruwa, ana kama bayi daga kowane ɓangare, fatauci ya tsaya, gonaki suka zama saura. Daga ƙarshe wa ya ci riba? Da Turawa suka iso, sun tarar da bango a tsage. Sarki Sama ya karɓe su hannu biyu saboda gabarsa da daula, Gwandu ta miƙa wuya a gajiye, aka wayi gari mai nasara da marar nasara duk suna karɓar umarni daga Razdan guda.

To, ina ruwanmu da wannan tsohon labari? Ruwanmu ne ƙwarai, domin jiharmu ta ɗanɗani irin wannan yaƙi a zamaninmu. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka kashe mutane fiye da goma a Mera ta ƙasar Augie, a tsakiyar fadamar da muke magana a kanta. Mu faɗa da babbar murya: waɗannan ba 'yan kishin ƙasa ba ne, ba magadan Yakubu Nabame ba ne, ba su da wata hujja a gaban Allah ko a gaban mutane. Ɓarayi ne masu zubar da jinin talaka. Amma dabararsu ita ce tsohuwar dabarar nan: daji a madadin fadama, babur a madadin kwalekwale, iyakar ƙasa a matsayin mafaka, da shirun mutanen ƙauye, wanda su da tsoro suke sayensa. Gwamnatin Nijeriya ba baƙuwa ba ce a Augie ko a Zuru. Amma tana iya mai da kanta baƙuwa. Ƙauyen da ba ya ganin hukuma sai ranar karɓar haraji ko ranar zaɓe, wanda in an sace masa shanu babu inda zai kai ƙara, wanda in ya tona asirin 'yan bindiga yau, gobe su dawo su tarar babu mai tsaronsa, wannan ƙauye zai yi shiru, kuma shirunsa ya fi bindiga dubu amfani ga maƙiya. Kowa ya tuna Tudun Biri ta Jihar Kaduna, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe mutane fiye da 80 a taron Maulidi a watan Disamba na 2023. Kuskure guda irin wannan yana rushe amanar da aka yi shekara goma ana ginawa. Faransa ma ta zo Mali a 2013 ana yi mata tafi, ta fita a 2022 ana yi mata ihu, a 2023 kuma ta kwashe sojojinta daga Nijar, ba ta kuwa bar zaman lafiya a bayanta ba.

Ba muna cewa a ajiye bindiga ba. Sojojinmu 'ya'yan talakawa ne, suna ba da rayukansu, sun kuma cancanci kayan aiki da addu'armu. Abin da muke cewa shi ne bindiga tana korar ɗan ta'adda daga gari, amma abin da ke hana shi dawowa yana hannun farar hula. A nan maganar ta dawo kanmu, 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati. Talakan ƙauye bai taɓa ganin gwamna ba, balle shugaban ƙasa. Gwamnatin da ya sani ita ce malamin asibitin da ya tarar ko bai tarar ba, da malamin gonan da ya raba taki bisa gaskiya ko ya karkatar da shi kasuwa, da magatakardan kotun da ya saurare shi ko ya nemi na goro, da malamin makarantar da ya ƙi zama a inda aka tura shi. Gobe mu ne waɗannan mutane. Duk wanda a cikinmu ya ci kuɗin rijiyar wani ƙauye, ko ya danne haƙƙin makiyayi ko na manomi a rikicin burtali, ya sani ya yi wa 'yan bindiga aikin da ba su biya shi ba. Wanda kuma ya rubuta wa maigidansa rahoton cewa lafiya lau alhali gari yana cin wuta, ya bi sawun hafsoshin Saigon.

Muna kuma kira ga hukumomin jami'o'inmu, tun daga wadda ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da su ba tarihin ƙasar nan muhimmancin da ya dace da shi. Abin kunya ne ɗalibi ya iya zayyana yaƙe-yaƙen Turai dalla-dalla, amma bai taɓa jin Lafiyar Toga ba, alhali daga ajinsa yana hango filin da abin ya faru. Akwai tsofaffi a Gwandu da Ambursa da Argungu da har yanzu suke riƙe da labaran da suka ji daga kakanninsu, akwai kuma takardun Larabci da na ajami a gidajen malamai. In ba mu tattara su ba, gara da mutuwa za su riga mu.

Gabar Gwandu da Kabi ba a fagen daga ta ƙare ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu, Kabawa suka shirya masa gagarumin su don girmamawa, daga nan bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali. Garin da runduna ta kasa shiga da mashi a 1892, ga shi an buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofarsa da kiɗa da guɗa, don ya zo da mutuntawa. Tun 1991 kuma Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru suke zaune a jiha guda. Magabata sun gama magana da suka ce da ɗan gari akan ci gari. Duk hukumar da take son ta ci yaƙin daji, to, ta fara neman yardar mutumin da gonarsa take bakin dajin. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen jin gaskiya, Ya ba mu ikon riƙe amana in ta zo hannunmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.